Fashin Baƙi: Kalmomin Turanci Na Tafiya Mai Nauyi, Nawa Da Tangaɗi

Ɗalibin da ya san "walk" da "slowly" zai iya isar da saƙonsa, amma da zarar ya buɗe littafin labari na Turanci ko jaridar Ingila sai ya tarar ba su ake yawan amfani da su ba. Mutum ɗaya ne ke tafiya, amma a wannan shafi an ce "he trudged", a na gaba "he plodded", can kuma "he lumbered" ko "he shuffled" ko "he staggered". Ya duba ƙamus, ƙamus ya ce masa duk tafiya ce a hankali ko da nauyi. Daga nan sai ya ɗauka duk kanwar ja ce, marubucin ne kawai ke son nuna ya sha Turanci. Alhali kowace ɗaya daga cikinsu tana gaya maka dalilin da ya sa tafiyar ta yi nauyi, da kuma inda nauyin yake: a ƙafa ne, ko a girman jiki, ko a zuciya, ko a ƙasar da ake takawa.

Akwai wani bambanci a ginin harsunan biyu wanda in ka gane shi, sauran bayanin zai zo da sauƙi. Bahaushe yana cewa "ya shigo ɗaki da gudu". Aikatau ɗin, wato "shigo", shi ke nuna inda aka dosa, yanayin tafiyar kuma sai ya biyo baya. Bature zai ce "he ran into the room". Ya cusa yanayin tafiyar a cikin aikatau, ya bar wa 'yar ƙaramar kalmar "into" aikin nuna inda aka nufa. Masanin harshe Leonard Talmy ya yi fice da bayanin wannan rabe-rabe a 1985, inda ya nuna cewa Turanci da Jamusanci suna ɓangare ɗaya, Faransanci da Sifaniyanci suna ɗaya ɓangaren. Wanda ya yi boko a Nijar ya san "il est entré en courant", kuma zai ga gininta ya zo daidai da na Hausa. Abin da wannan ya haifar shi ne Turanci ya tara aikatau na yanayin tafiya masu ɗimbin yawa, sun haura ɗari.

Mu kuwa arzikinmu a wannan fanni yana cikin amsa-kama da sunayen aiki. Muna cewa yana tafe tinƙis-tinƙis, ko buguzun-buguzun, ko tangal-tangal. Muna da ɗingishi, da tangaɗi, da tuntuɓe, da jan ƙafa. Saboda haka Bahaushe ya riga ya san waɗannan bambance-bambance tun yana ƙarami, kunnensa ya saba da su. Abin da ya rage masa shi ne ya gane cewa abin da yake faɗa da kalma biyu ko uku, "tafiya" da amsa-kamarta, Bature yana dunƙule shi a kalma guda. A ganina wannan ce hanya mafi sauƙi ta koyon su: ka fara tambayar kanka yadda za ka kwatanta tafiyar da Hausa, sannan ka nemi aikatau ɗin Turanci da ya haɗiye wannan kwatancen.

Kalmomi biyu da aka fi rikitawa su ne "plod" da "trudge", kuma sun cancanci a daɗe a kansu. Dukkansu sun bayyana a rubutun Turanci a ƙarni na 16, dukkansu tafiya ce mai nauyi a hankali. "Plod" tana kallon takun ne: ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba sauri, ba tsayawa, ba canji. Jakin da aka ɗora wa mangala ya kama hanyar kasuwa yana "plodding". Ba lallai ne yana shan wahala ba, abin da kalmar ta kama shi ne ɗorewar takun da rashin armashinsa. Shi ya sa ake kiran ɗalibi ko ma'aikacin da ba shi da hazaƙa amma ba ya fashi "a plodder", kuma kalmar tana tsakanin yabo da raini: ba zai burge ka ba, amma zai kai.

"Trudge" kuwa tana kallon wahalar. Ka ɗauki manomin da ya wuni yana noma a tsakiyar damina, ruwa ya sauka da la'asar, hanya ta caɓe, taɓo ya kama takalminsa ya yi masa nauyi, fartanya a kafaɗa, gida kuma da sauran nisa. Duk ɗaga ƙafa sai ya yi da ƙarfi, kuma ba don yana so yake tafiyar ba, don dole ne. Wannan shi ne "he trudged home through the mud". Kusan kullum za ka ga tana tafe da abin da ke wahalar da mai tafiyar: taɓo, rairayi, dusar ƙanƙara, hawan tudu, ko baƙin ciki. 'Yan wasan da aka lallasa a filin ƙwallo, masu sharhi kan ce "they trudged off the pitch", ko da filin a shafe yake sumul, domin nauyin a zuciya yake. Tinƙis-tinƙis ɗinmu ta fi kusa da wannan. In ka ce wa Bature "the bride trudged to her wedding", ka gaya masa auren dole ne ko da ba ka yi niyya ba.

Kusa da su akwai "slog", wadda ta fi "trudge" tsawo da galabaita, har ta zama sunan duk wani aiki mai cin rai, "a hard slog". Akwai "tramp", doguwar tafiya da taku mai ƙarfi, irin ta sojoji ko mai yawo a daji. Akwai "traipse", wadda ke ɗauke da ƙorafi: an sa ka zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan ba tare da biyan buƙata ba. Mutanen New York suna da tasu, "schlep", wadda suka aro daga Yidish, harshen Yahudawan Turai da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ma'anarta jan kaya ko jan jiki zuwa wani wuri da ƙyar.

In nauyin daga girman jiki ya fito, kalmar ita ce "lumber". Giwa tana "lumbering", haka dorina in ta fito tudu, haka ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa da ke tafe buguzun-buguzun. Ana faɗinta ga tankar yaƙi, da tirelar da ta yi lodi tana hawan tudu tana gurnani. Siririn mutum ba ya "lumbering" komai gajiyarsa. Abin lura biyu a nan. Na farko, ana furta harafin b ɗin da ke cikinta, saɓanin "plumber" da ake haɗiye shi. Na biyu, akwai wata "lumber" da take suna: a Amurka katako ne da aka yanka, a Birtaniya kuma tarkacen da aka jibge a ɗaki. Abu mai ƙafafun gare da ke tafiya a hankali yana ƙara, kamar kurar mai ruwa ko baro, shi kuma "trundle" ake ce masa.

Wasu kalmomin kunne suke wa aiki. "Stomp" taku ne da ƙarfi da gangan, galibi don fushi: yaron da aka hana abin da yake so ya fice yana buga ƙafa dif-dif, "he stomped out". Asalinta "stamp" ce, a Amurka lafazin ya sauya. "Clomp" da "clump" ƙarar takalmi ne mai nauyi a kan daɓe ko matakala, babu fushi a ciki, takalmin ne kawai ya yi wa ƙafa yawa. Ka lura da yadda sautin kalmomin ke tafiya da ma'anarsu: "clump", "thump", "bump", "lump", duk abu ne mai nauyi da ya faɗi tim. Haka "trudge", "drudge", "sludge", duk suna da ɗanɗanon abin da ya maƙale yana jan mutum baya. Masanin harshe ɗan Birtaniya J. R. Firth ya yi magana a kan irin wannan dangantakar sauti da ma'ana tun 1930. Ba ƙa'ida ba ce da ba ta karyewa, amma wanda ya tashi da amsa-kama a bakinsa ya kamata ya amince da kunnensa a nan, sau da yawa zai canka daidai. Har ƙirƙirar irinsu ake yi: "galumph", tsalle-tsalle mai nauyi na murna, marubuci Lewis Carroll ne ya ƙago ta a 1871, ta kuma zauna a ƙamus har yau.

Sai waɗanda ƙafa ba ta barin ƙasa. "Shuffle" jan ƙafa ne na zahiri, tafin ƙafa yana shafar ƙasa: majinyacin da ke tafe da silifas a barandar asibiti, ko mutanen da ke kan dogon layi suna matsawa kaɗan-kaɗan. Wanda aka titsiye da tambaya ya rasa amsa yana motsa ƙafa a wuri ɗaya, shi ma "he shuffled his feet". "Shamble" ta ɗara ta muni: ga jan ƙafa, ga jiki a sake, kafaɗa a zube, ba tsari. Tarihinta yana da daɗin ji. A tsohon Turanci kalmar tana nufin benci ko teburi, daga baya ta zama teburin da mahauta ke baza nama. Har gobe akwai wani tsohon lungu a birnin York na Ingila mai suna The Shambles, wanda a da unguwar mahauta ce. Masana asalin kalmomi suna danganta tafiyar da ƙafafun irin wannan teburi da suke a tale. Daga mahautar kuma aka sami ɗaya ma'anar: in an ce wuri ko shiri ya zama "a shambles", ya yi kaca-kaca.

Rukunin tangaɗi shi ne ya fi yawan 'ya'ya, kuma bambancinsu yana ga lokacin da abin ke ɗauka da kuma musabbabinsa. "Stumble" tuntuɓe ne, abu na lokaci guda, ƙafa ta ci karo da wani abu. "Stagger" tangaɗi ne mai ɗorewa, mutum yana layi hagu da dama saboda maye, ko rauni, ko kayan da suka fi ƙarfinsa. "Reel" ta fi kusa da jiri: ɗan damben da ya sha naushi a muƙamuƙi ya yi baya duniya na juya masa. "Lurch" fizga ce guda ta ba-zata, kamar motar da direba ya saki kuloci da gaggawa fasinjoji suka yi gaba. "Totter" kuwa tangal-tangal ce ta abin da ke dab da faɗuwa, da gajerun taku marasa ƙarfi. "Flounder" ta mai mutsu-mutsu ce a cikin ruwa ko laka, yana ta motsi ba ya gaba. "Blunder" kuma kutsa kai ne ba tare da gani ba, mutum yana karo da kujeru a cikin duhu, kuma daga nan ne ta zama sunan katoɓara.

Da yawa daga cikin waɗannan ba daga Latin ko Faransanci suka zo ba, daga arewacin Turai suka fito. Mayaƙan Viking, mutanen can arewacin Turai, sun kama York a 866, suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, suka yi auratayya da mutanen wurin, harshensu ya bar ɗimbin kalmomi na yau da kullum a Turanci. "Stagger" daga kalmarsu "stakra" take, kuma ana danganta "stumble" da "blunder" da harshen nasu. Wannan ya sa kalmomin suke gajeru masu kaushi, na bakin talaka. Waɗanda suka biyo ta Latin da Girkanci kuwa, irin su "ponderous" daga kalmar Latin ta nauyi, da "laborious", da "lethargic", dogaye ne, sun fi zama a rubutun ilimi da na manyan jaridu.

Wani abin da zai taimaka wa Bahaushe ƙwarai shi ne ɗafa-ƙeyar "-le" da "-er" da ke ƙarshen da yawa daga cikinsu. A tsohon tsarin harshen suna nuna aikin da ake maimaitawa ƙanana-ƙanana. Muna da irin wannan a Hausa ta hanyar ninka gaɓa: taka da tattaka, buga da bubbuga. "Wade" ita ce ratsa ruwa da ƙafa, "waddle" kuma tafiyar agwagwa, gajerun taku ana karkata dama da hagu. "Toddle" ita ce tafiyar yaron da ya fara tata, shi ya sa ake kiran yaro mai shekara ɗaya zuwa uku "toddler". In ka ga baƙuwar kalmar tafiya ta ƙare da ɗayan waɗannan, ka fara zaton ƙananan motsi ne masu maimaituwa, ba taku ɗaya mai ƙarfi ba.

"Limp" ɗingishi ne, ƙafa ɗaya ce ke da matsala, mai tafiyar yana sauke nauyinsa a kan ɗayar. "Hobble" ta fi tsanani: ciwo ya sa takun ya gajarce, ana tafiya da ƙyar, wataƙila ana dogara sanda. Tana da ma'ana ta biyu da makiyayi zai gane nan take, wato yi wa doki ko jaki dabaibayi. In ka tuna yadda dabbar da aka yi wa dabaibayi ke tafiya, ka riƙe kalmar ke nan. Shi ya sa jarida kan ce bashi ya yi wa tattalin arziki "hobble", daidai da yadda za mu ce ya dabaibaye shi.

A nan ya kamata a raba tafiyar nawa da tafiyar nishaɗi, domin ƙamus yakan haɗa su a ƙarƙashin "walk slowly". "Amble", "stroll" da "saunter" duk a hankali ne, amma babu nauyi ko wahala a cikinsu, mutum ne ke shan iska abinsa. "Dawdle" kuwa laifi ce: yaron da aka aika yana tsaye-tsaye a hanya yana ɓata lokaci. In a jarrabawar WAEC ko NECO aka ba ka jimlar da ta ambaci gajiya ko kaya ko taɓo, aka jera maka "strolled" da "trudged", abin da ake gwadawa ke nan.

Sifofin da ke rakiyar waɗannan aikatau su ma ba ɗaya ba ne. "Clumsy" shi ne mai ɓarin abu da karo da kaya. Ta samo asali daga wata tsohuwar kalma mai nufin sandarewa saboda sanyi, kamar yadda yatsu ke ƙin ɗaura igiyar guga da asubahin hunturu. "Awkward" asalinta abin da ya juya ta bai-bai, kuma ta fi faɗi: tana kama motsin jiki, tana kama yanayin da ya sa kowa jin kunya a zaure. "Ungainly" ta tsarin jiki ce, kamar ɗan raƙumi mai dogayen ƙafafu. "Sluggish" sanyin jiki ne da rashin kuzari, ana faɗinta ga mutum, da kasuwa, da intanet. "Cumbersome" kuwa ba a cika faɗinta ga mutum ba, ta kaya ce ko tsarin aiki mai wuyar sha'ani.

Wajen gina jimla, abin da ya fi muhimmanci shi ne waɗannan aikatau ba sa son tsayawa su kaɗai, suna neman 'yar kalmar da za ta nuna hanya: "trudged up the hill", "lumbered into view", "staggered out of the room", "plodded on". Sauya 'yar kalmar yakan sauya ma'ana gaba ɗaya. "Stumble over" tuntuɓe ne da abu, amma "stumble upon" ko "stumble across" cin karo ne da abu bisa dace, kamar wanda ya tsinci tsohuwar wasiƙa yana neman wani abin daban. Kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibanmu shi ne ɗauko tsarin Hausa a kai Turanci: a riƙe "walked" sannan a jero mata bayanau, "slowly and heavily and tiredly". Nahawun bai karye ba, amma kalma guda ta isa. Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: ɗalibi ya koyi "trudged" sai ya ƙara mata "slowly and tiredly", alhali ta riga ta ƙunshe su.

Mai karanta labaran duniya da Turanci zai fi haɗuwa da waɗannan kalmomi a inda babu ƙafa ko ɗaya. Tattaunawar sulhu tana "plodding on", wato ana yi ba a fasa ba amma babu wani ci gaba mai daɗin ji. Gwamnati tana "tottering", saura ƙiris ta kife. Ƙasa tana "lurching from crisis to crisis", daga wannan rikici ta faɗa wancan ba tare da mai riƙe da linzami ba. Kamfani yana "limping along", yana raye da ƙyar. Babbar ma'aikata "lumbering" ce in girmanta ya hana ta saurin juyawa. Mai fassara da ya mayar da duk waɗannan "yana tafiyar hawainiya" ya zubar da rabin labarin, domin mai tangal-tangal da mai tafiyar hawainiya ba halinsu ɗaya ba. Wasu kuma sun yi nisa da asalinsu har sai an yi hattara. "A staggering sum" kuɗi ne masu yawan da za su sa mutum tangaɗi don mamaki. "Staggered payments" biya ne kashi-kashi a lokuta daban-daban. "Cabinet reshuffle" garambawul ne a majalisar ministoci, daga "shuffle" ta cakuɗa karta. "Drag one's feet" kuwa ta zo daidai da jan ƙafarmu, har a ma'anar jinkirta abu da gangan.

Akwai batun ladabi da ƙamus ba ya cika faɗa, kuma ina ganin ya fi duk sauran muhimmanci ga wanda zai yi rubutu a kan mutane na gaske. Yawancin waɗannan kalmomi ba 'yan ba-ruwanmu ba ne, suna ɗauke da hukuncin mai kallo. In ka rubuta cewa mace mai juna biyu ko mai jiki "waddled in", ka kwatanta ta da agwagwa, kuma haka mai karatu zai ji. "Doddering" da ake faɗa wa tsoho mai rawar jiki raini ce tsagwaronta. "Shambled" tana nuna mutum a wulaƙance, "staggered" kuma tana iya sa a zaci maye ne alhali ciwo ne. A ƙagaggen labari marubuci yana da 'yancin zaɓar su don ya zana hoton da yake so. Amma a rahoton jarida, ko wasiƙar aiki, ko bayani a kan dattijo ko mai lalurar ƙafa, Turawan da suka san aikinsu sukan koma ga magana miƙaƙƙiya: "he walked with a stick", "she walks with difficulty", ko "he has a limp" in bayanin ya zama dole.